In Na Ajiye Kwalba, Me Zan Riƙe?

Kafin mu shiga darasin nan, a buɗe Littafi Mai Tsarki a karanta Daniyel 1:3-16, da Luka 11:24-26, sa'an nan Afisawa 5:15-20. Idan a ƙungiya kuke nazari, bari mutum uku su raba karatun a tsakaninsu.

Akwai wata tambaya da take yawan zuwa mana daga masu sauraro, wani lokaci a takarda, wani lokaci ta waya, mai tambayar kuma yakan roƙa kada a faɗi sunansa. Mai bi ne, an yi masa baftisma, wataƙila ma yana cikin mawaƙa, amma yana shan giya a ɓoye. Ba ya bukatar a gaya masa giya tana da lahani. Ya fi mu sani, gama shi ne yake tashi da ciwon kai, shi ne kuma yake sunkuyar da kai ran da matarsa ta tambayi kuɗin cefane. Abin da yake so ya sani shi ne: in rana ta yi sanyi, na taso daga gona ko daga wurin aiki, maƙogwaro ya bushe, abokaina suna zaune a inda muka saba, ni kuma fa? In na ajiye kwalba, me zan riƙe?

Kada kowa ya raina wannan tambaya. "Bari" kalma ce mai sauƙin faɗa, amma hannun da ya shekara 10 yana ɗaukar ƙoƙo kowace yamma ba ya zama wofi haka kawai don an ce masa ya bari.

Abin da Maganar Allah ta faɗa

Bari mu fara da gaskiya, ba ƙari ba ragi. Ruwan inabi yana cikin Littafi Mai Tsarki. Zabura 104 ta lasafta shi tare da mai da abinci cikin abubuwan da ƙasa take bayarwa. Ubangijinmu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a bikin Kana (Yahaya 2), Bulus kuma ya shawarci Timoti ya riƙa shan kaɗan saboda ciwon cikinsa (1 Timoti 5:23). Masu sha sun haddace waɗannan wurare uku sarai, ko da ba su san inda Littafin Habakuk yake ba. To, amma Littafin da ya faɗi wannan shi ne ya nuna mana Nuhu, mutumin da ya tsira daga ruwan tsufana, kwance tsirara a alfarwarsa saboda abin da ya sha, har la'ana ta shiga zuriyarsa (Farawa 9). Shi ne ya nuna mana abin kunyar da ya sami Lutu (Farawa 19). Karin Magana 23:29-35 kuwa ta zana hoton mashayi sai ka ce marubucin ya taɓa zama a gidan giyar garinku: ido ja, jiki da rauni wanda mai shi bai san inda ya samo ba, baki da surutai marasa kan gado, gari ya waye kuma ya koma neman abin da ya ka da shi jiya. A Galatiyawa 5 buguwa tana cikin ayyukan jiki, kamunkai kuwa yana cikin abin da Ruhu yake haifarwa.

Akwai kuma waɗanda suka ƙaurace wa ruwan inabi gaba ɗaya: keɓaɓɓun nan na Littafin Ƙidaya 6, da Yahaya Maibaftisma, da Rekabawa na Irmiya 35, waɗanda aka jera musu tuluna cike a wani ɗaki na Haikali aka ce su sha, suka ƙi, saboda umarnin kakansu Yonadab wanda ya rayu fiye da shekara 200 kafin zamaninsu.

Yawancin ikkilisiyoyinmu na bishara a Nijar, da arewacin Kamaru, da Cadi, da Gana suna koyar da a bari gaba ɗaya, ni ma a nan na tsaya. Dalilina shi ne Romawa 14:21, inda aka koya mana mu haƙura da abin da zai sa ɗan'uwa tuntuɓe, da kuma zancen shaidarmu. Muna zaune tsakanin maƙwabta Musulmi waɗanda giya haram ce a wurinsu, a garuruwa da yawa kuma an riga an laƙaba mana cewa unguwar Kirista ita ce unguwar giya. Kowace kwalba da aka gani a hannun mai bi tana ƙara manna mana wannan suna. Duk da haka ba don masu ƙarfi aka shirya darasin nan ba. Don wanda yake ciki ne, yana neman ƙofar fita, ko da rarrafe ne.

Masana lafiya ma ba su saɓa da mu ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 2.6 suka mutu ta dalilin barasa, miliyan 2 daga cikinsu maza. Tun 1988 aka sa barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji, a Janairun 2023 kuma Hukumar ta bayyana cewa babu wani ma'aunin sha da za a ce ba shi da haɗari. Sai dai haɗarin yana bin yawan abin da aka sha, saboda haka duk kwalbar da ka rage riba ce ga hantarka.

Dabarar Daniyel

Daniyel saurayi ne da aka kwaso daga Yahuza zuwa Babila, aka sa shi makarantar fada ta shekara 3, aka yanka masa rabo daga abincin sarki da ruwan inabin sarki. Damuwarsa ita ce kada ya ƙazantar da kansa a gaban Allah. Ba a ce mana yana da jarabar sha ba. Amma yadda ya bi da al'amarin darasi ne babba ga mai neman rabuwa da kwalba.

Ku lura, ya yanke shawara a zuciyarsa tun kafin a ajiye akushi a gabansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai ya zauna a benci, an buɗe kwalba tana zufa a gabansa, sa'an nan zai fara tunanin ko zai sha, wannan ya riga ya sha. Daniyel bai yi abin a ɓoye ba, bai kuwa yi shi kaɗai ba. Ya je ya yi magana da mai lura da su, abokansa uku kuma, Hananiya da Mishayel da Azariya, suna tare da shi. Amma inda nake so mu daɗe shi ne nan: bai ce zai zauna da yunwa da ƙishirwa ba. Ya kawo madadi, ya roƙa a ba su kayan lambu da ruwa a maimakon rabon sarki. Ya kuma sa wa gwajin iyaka da za a iya ƙirgawa da yatsu, kwana 10, a duba a gani. Sau nawa muka ga ɗan'uwa ya tashi a taron farkawa da hawaye ya rantse har abada, kafin Lahadi ta zagayo ya faɗi, kunya kuma ta hana shi dawowa sujada? Kwana 10 abu ne da mai rauni zai iya hangen ƙarshensa. In ya cika su, sai ya sa waɗansu 10.

A Luka 11 Ubangiji ya ba da misalin mugun ruhu da ya fita daga mutum, ya yi ta gantali, ya dawo ya iske gidan da ya bari an share an gyara, amma ba wanda ya tare a ciki. Sai ya je ya gayyato waɗansu 7 da suka fi shi mugunta. Asalin maganar a kan zuciyar da ba ta karɓi Almasihu ba ce, amma duk wanda ya taɓa barin giya na wata ɗaya ya koma ya ninka shansa zai ce da shi ake. Haka ma Bulus a Afisawa 5 bai tsaya ga hana buguwa ba. Nan take ya sa wani abu a gurbinta: cika da Ruhu, da waƙoƙi tare da 'yan'uwa, da godiya. A sura 4 ma da ya hana ɓarawo sata, aiki ya damƙa wa hannunsa. Haka Allah yake yi da 'ya'yansa, in ya karɓe abu yakan sa wani a wurin.

Wace ƙishirwa ce take kai ka?

Ɗan'uwa, kafin ka zaɓi abin da za ka sha, tambayi kanka abin da yake kai ka gidan giya, gama ƙishirwa iri-iri ce.

Akwai ta maƙogwaro. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi yake wuce 40 a Maraɗi ko Marwa ko Njamena, mutum yakan taso aiki jikinsa a bushe. Giya mai sanyi tana yi masa alkawari, amma yaudara ce. Barasa tana danne sinadarin da yake umartar ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa mai sha yake ta zagayawa bayan gida, ya kwana ya tashi da ƙishirwar da ta fi ta jiya. Wannan ita ce mafi sauƙin magani. Kafin ka bar gona ko wurin aiki, sha moɗa biyu na ruwa, ka sa wani abu a ciki. Mutane da yawa in sun yi haka sukan tarar rabin abin da suke kira jaraba yunwa ce da gajiya.

Akwai ta zama da mutane. Gidan burkutu, ko kabare kamar yadda ake kiransa a Kamaru da Cadi inda ake sayar da bilbil, majalisa ce. A can ake jin labarin gari, a can ake dariya, a can wanda ba a sauraronsa a gida yake samun mai sauraronsa. Idan ka cire mutum daga can ka zaunar da shi a ɗaki shi kaɗai da kofin zoɓo, ba zai kai mako ba. A nan sai mu yi koyi da maƙwabtanmu. Dubi samarin fada a Zinder ko Yamai: ƙaramar buta ɗaya, da gawayi, da ganyen shayi, za su raba dare suna hira ba wanda ya bugu. Shayin nan na fari da na biyu da na uku yana cin fiye da awa guda, hannu kuma ba ya zama banza, ana fifita wuta, ana juye shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Me zai hana mazan ikkilisiya su kafa nasu zama a ƙofar gidan wani dattijo, daidai lokacin da ake cika a gidan giya? Ba sai an mai da shi sujada ta biyu ba. A yi hira, a yi dara, a rufe da gajeriyar addu'a. A dai kula, shayi mai ƙarfi da tsakar dare yana hana barci, rashin barci kuwa yana cikin abubuwan da suke mai da mutum ga kwalba.

Akwai kuma ƙishirwa ta zuciya. Bashi, rashin aiki, rashin haihuwa, ɗan da aka binne, zunubin da ba a faɗa wa kowa ba. Mai irin wannan ba daɗin giya yake nema ba, mantuwa yake nema. Ba zan ruɗe ka ba, ɗan'uwa, babu zoɓo ko kunun da zai kai wurin nan. Matar nan ta bakin rijiya a Yahaya 4 ta zo da tulunta ɗiban ruwa, amma Yesu ya taɓa ainihin wurin da yake mata ciwo kafin ta sami hutawa. Kai ma sai ka kai masa abin a addu'a da sunansa, ka kuma sami mutum ɗaya mai riƙon asiri ka faɗa masa. Abin sha mai kyau zai riƙe hannunka ne kawai yayin da ake jinyar zuciyar.

Abin da yake cikin rumbunmu

Abin mamaki, dawar da ake yin burkutu da ita, ita ce ake yin kunu da ita. A jiƙa ta, a bar ta ta yi tsiro, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tsima har ta yi kumfa, ta zama abin da yake raba miji da mata. A jiƙa ta, a niƙa da citta da kanumfari, a dama a sha a ranar, ta zama abin da ake ba mai jego da baƙo. Ba sai mun jira wani abu daga Turai ba. Sa'ad da baƙi uku suka sauka wa Ibrahim, nono da madara ya haɗa musu da nama (Farawa 18:8), wato abin da yake cikin gidansa.

Zoɓo yana ko'ina, sunansa ne kawai yake sauyawa: bisab a Nijar, folere a Kamaru, karkanji a Cadi, sobolo a Gana, karkade a Sudan. Ga lemun citta, ga ruwan tsamiya, ga kunun zaƙi da kunun aya da kunun gyaɗa, ga fura da nono, ga farau-farau, ga lamurje da ake sha a zangunan Gana, ga na 'ya'yan kuka da na goruba.

Amma ga inda ake yin kuskure. Maigida ya ce zai rage, uwargida ta yi murna ta dama masa zoɓo mai zaƙi kamar na bikin suna, ya kurɓa sau ɗaya ya ture ya ce abin yara ne. Ba rashin godiya ba ne. Harshen da ya saba da giya ya saba da ɗaci da tsami da abin da yake kartar maƙogwaro, zaƙi yana gundurarsa. Saboda haka a yi masa na manya. A wanke busasshen zoɓo cikin hannu biyu, a tafasa a lita 2 na ruwa tare da dakakkiyar citta mai yawa da kanumfari kaɗan, a tace, a matse lemun tsami, sukari kuwa a ɗan taɓa kawai. Ko a daka ɗanyar citta a tace da ruwa da lemun tsami da na'ana'a, ta yi yaji har sai mutum ya yi gyaran murya. Ko a jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi a sa mata masoro. Wanda kumfa da gas yake kewa, ya sayi ruwan gas marar zaƙi ya matse lemun tsami a ciki. Wanda yunwa ce take kai shi, fura da nono ta fi masa kome, gama cikin da ya cika da fura ba ya marmarin burkutu.

Abin ya kasance a shirye, da sanyinsa, a randa ko a firji, daidai sa'ar da aka saba fita. Sha'awar giya takan taso kamar guguwa, ta yi ƙarfi, ta kwanta, sau da yawa ba ta wuce rabin awa. In a cikin wannan rabin awa akwai abu mai sanyi a hannunka da mutum a gefenka, ka ci wannan yamma. Maigida kuma, kai za ka sayo citta da zoɓon da kuɗin da dā kake kaiwa can. Kada ka ɗora wa matarka nauyin tubanka.

Ka ɗauki kalanda ka sa alama a kowace ranar da ba ka sha ba. A ce kana kashe dala 100 a rana. Ka jefa ta a gwangwani kowace yamma; a kwana 10 jika 5 ke nan, a shekara ya haura jika 180. Kai ka san buhun hatsi nawa ke nan a kasuwarku. Wanda kuma bai kai ga bari ba tukuna, aƙalla ya san lissafin abin da yake sha. Babbar kwalba ta 65 cl mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da barasa wajen giram 25, hanta kuwa tana bukatar kusan awa 3 kafin ta gama da ita. Kwalba 3 da dare, ɗan kabu-kabu zai iya hawa babur da asuba da saura a jininsa. Wanka ko gahawa ba sa gaggauta aikin hanta.

Kada a gudu ba a tsira ba

Sukari ne tarko na fari, gama wanda ya bar giya yakan ji kwaɗayin zaƙi. Lemun kwalba na 33 cl yana da sukari wajen giram 35, kimanin ƙwaya 7, alhali shawarar Hukumar Lafiya ga babban mutum ita ce kada ya wuce wajen giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Lemun malta ma cike yake da sukari. Ba dabara ba ce a tsere wa ciwon hanta a faɗa wa ciwon sukari. Zoɓo kuma yana ɗan saukar da jini, don haka mai shan maganin hawan jini da mace mai ciki su tambayi ma'aikacin lafiya kafin su mai da shi abin kullum.

Sa'an nan kunu da zoɓo in sun kwana a zafi sukan fara tsima, bammi kuwa tun daga saukowarsa daga itace yake juyawa. Akwai masu ajiye kunu da gangan har ya yi kumfa, su ce ai kunu kawai suke sha. Ɗan'uwa, wa kake ruɗi?

Yanzu kuma a manyan shaguna ana sayar da giyar da aka rubuta ba ta da barasa. A karanta jikin kwalbar da kyau. A ƙasashe da yawa doka ta yarda a bar har 0.5 cikin 100 a ciki, a Faransa ma har 1.2. Tana iya taimakon mai sha kaɗan da yake son ragewa. Amma ga wanda giya ta taɓa ɗaure shi, shawarata ya nisance ta, gama ƙanshin ɗaya ne, kwalbar ɗaya ce, tana ta da abin da ya kwanta. Keɓaɓɓe na Littafin Ƙidaya 6 ko busasshen inabi ba ya ci, ko da yake busasshen inabi bai taɓa bugar da kowa ba. Shinge ne aka kafa nesa da bakin rami. Mai wucewa ma ba zai karanta rubutun kwalbarka daga nesa ba.

Mafi muni shi ne musanya giya da tramol ko maganin tari mai kodin, ko komawa ga 'yan ledojin wiski da sunan ai ƙanana ne. Leda 2 na 5 cl masu ƙarfin kashi 40 sun fi babbar kwalba ɗaya. Arki da sauran barasar da ake dafawa a ɓoye kuwa wani lokaci sukan zo da guba mai makantarwa. A 2016 fiye da mutum 20 suka mutu a gabashin Kamaru bayan sun sha odontol.

Yanzu a saurara da kyau, gama wannan zancen rai ne. Idan kana sha da yawa kowace rana, har in ba ka sha ba hannunka yana rawa da safe, zufa tana karyo maka, zuciya tana tashi, to jikinka ya riga ya kamu, kada ka yanke sha dare ɗaya kai kaɗai. Alamun sukan fara cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Waɗansu sukan faɗi da jijjiga kamar farfaɗiya, a kwana na 2 ko na 3 kuma mutum yana iya ruɗewa, ya riƙa gane-gane, zazzaɓi ya rufe shi, har ya mutu. Akwai maganin da ake bayarwa a asibiti don a ƙetare waɗannan kwanaki lafiya. Dattawa, in kun ga ɗan'uwa a wannan hali, ku yi addu'a kuna tafe da shi asibiti. Zuwa wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne. Mace mai ciki, da mai ciwon hanta, da mai shan maganin tarin fuka kuwa, su ba zancen ragewa a gare su. Su nemi taimakon likita su bari.

Rabon ikkilisiya

A 1869 wani likitan haƙori ɗan ikkilisiyar Metodis a Amurka, Thomas Welch, ya dafa ruwan 'ya'yan inabi ya rufe a kwalabe don kada ya tsima, domin a sami abin Jibin Ubangiji marar sa maye. Da fari mutanen ikkilisiyarsa ba su karɓa ba, daga baya abin ya bazu. A 1877 kuma wani fasto, Louis-Lucien Rochat, ya kafa a Jeniba ƙungiyar Croix-Bleue, wato Shuɗin Gicciye, wadda take aiki a ƙasashe irin su Cadi da Gana. Abin da ya burge ni a tsarinsu shi ne, waɗanda giya ba ta dame su ba su ma sukan ɗauki alkawarin bari, don kada mai fama ya tsaya shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu kuma fa? A bikin aure, da Kirsimeti, da gayyar noma, me muke ajiye wa mutane? In mai gayya ya ce ba wanda zai zo masa sai da tulun burkutu, bari masu bi su je masa da fartanyarsu, zumuntar mata ta kawo fura da kunu mai yawa, a ga ko gonar ba za ta nomu ba. Wanda kuma yake matsa wa ɗan'uwansa da "kurɓi kaɗan mana", ya nemo Habakuk ɗin nan ya karanta 2:15.

Kada mu manta da 'yar'uwar da take dafa burkutu. Sau da yawa gwauruwa ce, da shi take biyan kuɗin makarantar yara. A ce mata ta fasa tukunya ba a nuna mata wata sana'a ba, an share gida ne an bar shi wofi. Tukwanenta da iccenta da gwanintarta su ne dai ake bukata a yi kunu da zoɓo. Ribar ba za ta kai ta dā ba da farko, gaskiya ke nan. Sai mata su sa ta a adashi ta sami jari, ikkilisiya kuma ta riƙa saye a wurinta duk ran da ake taro.

Wanda ya faɗi a kwana na 7, a ɗaga shi da tawali'u yadda Galatiyawa 6:1 ta koyar, ya soma ƙirga daga gobe. Kwana 6 ɗin da ya yi ba su ɓace ba. Horo yana da wurinsa a ikkilisiya, amma mutumin da ya zo da ƙafarsa ya tona kansa yana neman taimako, ba a kan bagade za a yi shelarsa ba. Sai dai in shan ya kai ga dūkan mata ko 'ya'ya, wannan ya wuce zancen zoɓo. 'Yar'uwa, kada ki rufe. Ki faɗa wa fasto ko matar fasto, a sama muku wurin fakewa tukuna.

Kafin darasi na gaba, ku tattauna a ƙungiyarku: da wane lokaci ne gidajen giya suke cika a garinku, ƙofar gidan wa kuma za a iya shimfiɗa tabarma a wannan lokaci? Wa zai kawo gawayi, wa zai kawo citta? A addu'arku ta wannan mako ku tuna da masu fara kwana 10 ɗinsu, da matansu da 'ya'yansu, da masu dafa burkutu da suke neman wata sana'a, da ma'aikatan asibiti da za su karɓi waɗanda jikinsu ya kamu.